Yadda Ake Shirya Waƙar Raha a Garuruwan Hausawan Sudan

Mafi yawan masu shirya waƙar raha a cikin Hausawan Sudan ba da waƙar suke cin abinci ba. Wani tela ne a kasuwar Gadarif, wani malamin makaranta ne a Maiurno, wani yana gasa agashe a Wad Madani, wata kuma uwargida ce da take ƙulla baitocinta a ka tana tsaye a gaban murhu. Babu wanda ya sa su, babu mai biyansu, ladansu kuma bai wuce a kwashe da dariya a majalisa a ce su maimaita ba. Domin irinsu aka yi wannan rubutu, musamman wanda yake da ban dariya a baki, amma da zarar ya zo zuba shi a baiti sai abin ya mutu a hannunsa. Abin da yake kashe shi kusan kullum ɗaya ne, wato mutum ya ɗauka cewa tun da wasa zai yi, to da wasa zai yi aikin. Alhali waƙar raha ta fi waƙar wa'azi bukatar tsari, domin mai sauraron wa'azi yakan yafe wa baitin da ya karye saboda girman abin da ake faɗa, mai jiran dariya kuwa ba ya yafewa.

Abin da kunnenka ya riga ya tara

Kafin ka ɗauki alƙalami, zauna ka lissafa abin da ka taso kana ji, domin daga nan za ka ɗebo, ba daga wani wuri ba. Kakanninmu wasu hanyar aikin Hajji ce ta kawo su suka yada zango, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, inda mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, wasu kuma noman auduga ne ya riƙe su a Jazira bayan an kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925. Ko ta wace hanya aka zo, ɗan Hausawan da ya tashi a nan ya girma ne da harshe biyu a kunnensa, kowanne da irin rahar da ya iya.

Ta ɓangaren gida akwai karatun allo a khalwa, da Ishiriniya da Burda da ake rerawa a watan Maulidi, waɗanda suka dasa maka awon baiti tun kafin ka san sunansa. Akwai tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da wasan kaka da jika, da na taubasai. Akwai kuma labarin 'yan kama na ƙasar Hausa, masu ɗauko waƙar babban makaɗi da muryarta da komai su mayar da ita ta yabon tuwo da miya, da wasannin tashe da ake farawa bayan an sha ruwa goma na azumi, inda gwauro yake shan tsiya. Kada kuma wani ya ce maka raha ba ta dace da mai ilimi ba, domin Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda duniya ta sani da Imfiraji, shi ne kuma ya yi Waƙar Keke.

Ta ɓangaren maƙwabta akwai abubuwa uku da ya kamata ka saurara da kunnen mai koyo. Na farko dobet, waƙar makiyayan raƙuma ta yankin Butana, wadda take zuwa layi huɗu masu amsa-amo ɗaya, ta faɗi abin da za ta faɗa ta tsaya. Na biyu waƙoƙin Baramka na Kurdufan da Darfur, ƙungiyoyin masu shan shayi da suka yi wa shayi fada sukutum, da muƙamai da dokoki da tara ga wanda ya saɓa ladabin sha, suna yabon shayi da sukari da irin kalaman da ake yabon jarumai. Na uku halamantish, wanda ya samo asali daga Masar a farkon rabin ƙarni na 20, inda ake danganta shi da Husain Shafiƙ Almisri, ya kuma samu karɓuwa sosai wajen ɗaliban Sudan. Shi wannan ana ɗauko ƙasaitacciyar ƙasida ta Larabcin littafi ne, a riƙe awonta da amsa-amonta, a cika ta da zancen kasuwa da bashi da wake.

Idan ka lura, ɗan kama da ɗan Baramka da mai halamantish dabara ɗaya suke yi. Suna ɗauko tsari mai kwarjini su ɗora wa abin da bai kai ya kawo ba, kamar a sa wa yaro ɗan shekara uku jallabiyar babansa a naɗa masa rawani, a sake shi yana taku da ƙasaita. Idan rigar ba ta cika girma ba, ko rawanin ya kwance, to babu abin dariya, yaro ne kawai cikin tsumma. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya raina awon waƙa ya riga ya zubar da rabin dariyarsa tun kafin ya fara.

Zaɓen abin da za a waƙe

Zaɓi abu ƙarami wanda kowa a unguwa ya sani, wanda kuma kai kanka ka sha wahalarsa. Raksha, wato babur mai ƙafa uku, da ba ta tashi sai an tura, jakin karo da ya san hanyar gida amma bai san ta kasuwa ba, gadon angareb da igiyarsa ta saki har bayan mai kwanciya yana gaida ƙasa, guguwar ƙura ta habub da take tasowa daidai lokacin da aka shanya wanki, baƙon da ya zo gaisuwa ya wuce shayin safe ya tarar da na yamma. Manyan batutuwa irin su talauci ko lalacewar zamani ba sa ba da dariya idan aka tunkare su gaba da gaba, amma takalmin markub guda ɗaya da aka yi wa faci har aka rasa wace ce fatar asali zai faɗi duk abin da kake son faɗa game da talauci ba tare da ka ambaci sunansa ba.

Da ka samu abin, sai ka yanke shawarar irin rigar da za ka sa masa: yabo ne irin na sarakuna, ko marsiyya ce ta juyayin rashi, ko ƙara ce a gaban alƙali, ko wasiyya. Misalin da za mu yi aiki da shi a nan sauro ne, wanda duk wanda ya kwana kusa da magudanan ruwan Jazira da damina ba ya bukatar a gabatar masa da shi, rigar kuma kirarin mayaƙi ce.

Awon baiti

A nan ne aikin yake, kuma a nan za mu daɗe. Rubutacciyar waƙar Hausa ta ɗauko awonta ne daga ilimin aruli wanda Khalil ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, ya fitar da bahari 15, daga baya aka ƙara na 16. Ba dole ba ne ka haddace su duka. Abin da ya zama dole shi ne ka iya rarrabe gaɓa mai nauyi da mara nauyi. Gaɓa mara nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "sa" na farkon kalmar sadauki. Gaɓa mai nauyi kuwa ita ce wadda wasalinta yake da tsawo, kamar "ma" na mashi, ko mai tagwan wasali kamar "dau", ko wadda baƙi ya rufe ta kamar "kun" na kunne. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka wanda ya dogara da idonsa zai ruɗe. A wannan wuri Bahaushen Sudan da ya yi karatunsa da haruffan Larabci ya fi ɗan bokon Kano sa'a, domin idan ya rubuta baitinsa da ajami, alifi da wawi da ya'i za su nuna masa inda aka ja wasali, sai ya ga nauyin gaɓar da ido bayan ya ji shi da kunne.

Mai farawa ya fara da baharin mutaƙarab, wanda ƙafarsa ita ce fa'ulun, wato gaɓa mara nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu, a maimaita sau huɗu a kowane ɗango, wato layi. Hausa tana zama a cikinsa ba tare da an matsa mata ba, domin kalmomi irin su sadauki, manomi, kumatu da jinina duk fa'ulun ne a kan kansu. Ga baiti biyu a ƙwar biyu, wato kowane baiti ɗango biyu:

Sadauki na Sinnar, uban masu mashi,
Kiɗan nan na kunne yakan sa a tashi.

Bugun ramuwa ya tsaya kan kumatu,
Jinina ka ranta, ka tsere da bashi.

Ka yanka ɗangon farko da bakinka kana buga yatsa a gwiwa: sa-dau-ki, na-Sin-nar, u-ban-ma, su-ma-shi. Kowace ƙafa tana farawa da sauƙi ta ƙare da nauyi biyu. Lura kuma cewa ƙafar waƙa ba ruwanta da iyakar kalma, shi ya sa "masu" ta rabu biyu, rabi a ƙafa ta uku rabi a ta huɗu. Yanzu gwada cewa "Sadauki na garin Sinnar". Ma'anar ba ta sauya ba, wataƙila ma ta fi fitowa fili, amma "na" da "ga" sun haɗu su biyu marasa nauyi, sai kuma masu nauyi uku suka biyo baya a jere, sai ka ji harshe ya yi tuntuɓe. Mai sauraro ba zai iya gaya maka abin da ya faru da sunansa na ilimi ba, amma zai ji, hankalinsa kuma zai bar sauron ya koma kan tuntuɓen.

Masana aruli sun yarda da wasu sauye-sauye da suke kira zihafi, misali gaɓar ƙarshe ta fa'ulun ta zo mara nauyi a tsakiyar ɗango, kuma manyan mawaƙa suna yin haka ba laifi. Shawarata ga mai koyo ita ce ya yi waƙoƙinsa na farko ba tare da ya nemi wannan rangwame ba, domin wanda ya fara da rangwame yakan wuce da shi har ya kasa gane inda ya halatta da inda waƙa ta karye. Hanya mafi sauƙi ta tsare awo kuwa ita ce wadda malamanmu suke bi tun da, wato a ɗauki muryar wata waƙa da aka sani a riƙa rera sababbin kalmomi a kanta. Duk kalmar da ta tilasta maka ka ja wasalin da ba a ja, ko ka haɗiye wanda ake ja, to ba wurinta ba ne, komai daɗinta. Cire ta ka nemi 'yar'uwarta.

Game da yawan ɗango a baiti, ƙwar biyu ta fi dacewa da raha, domin ɗango na farko yana ɗaga hankali sama, na biyu ya sako shi. Ƙwar huɗu irin ta dobet tana da kyau idan labari ne gajere da yake bukatar shimfiɗa. Ƙwar biyar, wadda malamai suka fi so a wa'azi, tana da wuyar sha'ani a nan, saboda sai ka cika ɗango huɗu kafin ka kai ga abin dariyar, kuma mafi yawan masu koyo da ciko suke cika su.

Amsa-amo shi ne harafin da baitoci suke ƙarewa da shi, kuma kafin ka ɗaure kanka da shi ya kamata ka ƙirga dukiyar da ke cikinsa. Rubuta duk kalmomin da ka sani masu ƙarewa da "shi": mashi, bashi, tashi, gashi, kishi, nishi, haushi, ƙamshi, toshi. Idan ba su kai yawan baitocin da kake nufi ba, sauya tun da wuri. Amfanin wannan jeri bai tsaya ga cika baiti ba, domin sau da yawa shi ne yake kawo abin dariyar. Wanda ya fara da cewa sauro ya cije shi ya sha jininsa ya gudu, rahoto kawai ya bayar. Kalmar bashi da take zaune a jerin ce ta sa aka tambayi kai ko akwai hanyar da sauro zai zama mai cin bashi, daga nan cizo ya koma rance, gudu ya koma tserewar wanda ake bi. Kalmar da take ɗauke da dariyar kuma a ƙarshen baiti ake ajiye ta, kada a bar wata magana ta biyo bayanta ta danne ta.

Akwai wani abu da kunnen Bahaushe yake ji wanda aruli na Larabci bai san da shi ba, shi ne hawa da saukar murya. Faɗi mashi, tashi, bashi, za ka ji duk muryarsu ta faɗo a gaɓar ƙarshe. Faɗi ƙamshi ko haushi, za ka ji ta tsaya a sama. Idan an rera waƙa, muryar rerawa takan rufe wannan bambanci, amma idan karantawa za a yi, baitocin da suka dace a harafi suka kuma dace a saukar murya sun fi zama daram.

Sai batun Larabci. Bahaushen Sudan yana magana yana tsoma Larabci ba tare da ya lura ba, kuma babu dalilin da zai sa ya wanke waƙarsa daga wannan ya koma kwaikwayon Hausar rediyo da ba tasa ba. Abin kiyayewa shi ne kalmar Larabcin ta shigo da aiki, ta kuma zauna cikin awo kamar kowace kalma:

Da na ce "khalas" sai ka ce "lissa, ya zol,
Tuwon nan da daɗi, miyar na da ƙamshi."

Mutum ya ce ya isa haka, sauro ya amsa masa da cewa da saura, ya kuma kira shi da irin kiran da ake yi wa aboki a tasha. Dariyar tana cikin yadda mayaƙin da aka yi wa kirari a baitin farko ya buɗe baki sai aka ji ɗan gari ne. Idan da za a mayar da dukan waƙar rabi Hausa rabi Larabci, wannan ba zai yi tasiri ba, kuma 'yan'uwa na Kano da Damagaram da waƙar za ta iya kai wa gare su za su tsaya a hanya. Kalma biyu ko uku a wurin da ya dace sun wadatar.

Kambamawa ita ce abincin raha, amma a hankali ake hawa da ita. Fara da abin da zai yiwu, ka bi da wanda da ƙyar zai yiwu, ka ajiye wanda ba zai taɓa yiwuwa ba sai can gaba. Wanda ya ce sauro ya ɗauke shi da gadonsa a baiti na biyu ba shi da abin faɗa a na uku. Kada kuma ka tsawaita. Baiti goma zuwa goma sha biyar sun ishi abu ɗaya, kuma bayan ka gama ka koma ka cire duk baitin da babu abin da yake yi sai riƙe amsa-amo.

Inda wasa yake tsayawa

Hausa ta bambanta raha da zambo, kuma mai waƙa ya fi kowa sanin lokacin da ya tsallaka daga wannan zuwa wancan. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙabi. Tarihi ya adana cewa Sayyidina Umar ya tsare mawaƙi Huɗai'a saboda zambon da ya yi wa Zibriƙan ɗan Badar, bayan an kira Hassanu ɗan Sabit ya tabbatar cewa baitin cin mutunci ne ko da yake babu zagi a fili a cikinsa. Wato iya lulluɓe magana ba ya wanke mai ita. Littattafan adabi kuma sun kawo labarin Abu Dulama, mawaƙin raha na fadar Abbasiyawa, wanda Halifa Mahadi ya tilasta wa ya yi wa ɗaya daga cikin mazauna majalisa zambo. Da ya duba ya ga kowa babba ne, sai ya juya ya yi wa kansa, aka yi dariya, ya fita lafiya. Wannan ita ce hanya mafi aminci ga mai sha'awa: a waƙar sauro, wanda ya mari kumatunsa shi ne mawaƙin, don haka babu wanda zai tashi daga majalisa da ciwo a zuciya.

Wasan barkwanci na ƙabilu yana bukatar kulawa ta musamman a ƙasar nan. Abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarabawa, yarjejeniya ce da aka gada, kowane ɓangare ya san haƙƙinsa na ramawa. Ba a ɗaukar wannan izini a kai shi kan mutanen da ba a ƙulla wasa da su ba. Wanda ya ga rikicin ƙabilanci da ya faru a jihar Blue Nile a watan Yulin 2022, da rayukan da aka rasa da gidajen da aka bari, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da kalma take iya tayarwa. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka ɗaura a kan awo da amsa-amo ta fi kowace saurin yaɗuwa, don yara ma haddace ta suke yi. Haka nan ba a wasa da nakasar mutum, ko rashin haihuwa, ko asalin wani, ko aya da hadisi. Malamai sun saba buɗe waƙa da sunan Allah da salati, to idan za ka yi haka ka yi shi da gaske cikin baiti ɗaya, sa'an nan ka shiga wasanka, kada ka cakuɗa su.

Wani zai ce tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 mutane suka watse, wa yake da zuciyar raha? Ni dai ina ganin mutanen da suka kwana a ajin makaranta da kayansu a ƙulle sun fi kowa bukatar wanda zai sa su dara. Sharaɗin kawai shi ne a yi dariyar layin burodi da tsadar gawayi da cajin waya tare da waɗanda suke cikin layin, ba a yi dariyarsu ba.

Fitar da ita

Kada ka kai sabuwar waƙa babban taro. Fara rera wa mutum biyu ko uku da ba sa jin kunyarka, ka riƙa kallon fuskokinsu maimakon jiran yabonsu. Inda ka sa ran dariya aka yi shiru, yi alama. Inda aka yi dariya ba ka zata ba, nan ma yi alama, domin wataƙila ainihin waƙar tana wurin. Idan sai ka tsaya ka yi bayanin baiti kafin a gane, baitin ne bai nuna ba, ba masu sauraro ne suka gaza ba. Bayan gyara sai ka nemi wurin da ya dace, kamar zaman hira bayan an sha ruwa a kan tabarmin ƙofar gida da azumi, ko walimar aure bayan an ci an ƙoshi. A gaban manya kuwa sai ka nemi izini tukuna, ka ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai 'yan baitoci idan an yarda," domin izinin da aka bayar da murmushi ya riga ya buɗe maka rabin hanya.

Wajen rerawa ka riƙe fuskarka kamar mai karanta wasiƙar sarki. Kada ka riga mutane dariya, kada kuma ka yi sauri. Ɗan dakata kaɗan kafin kalmar ƙarshe ta baiti, idan an fashe da dariya ka jira ta lafa kafin ka ci gaba, in ba haka ba baiti na gaba zai nutse a cikin hayaniya.

Idan za ka tura ta a WhatsApp ko Facebook, haɗa rubutun da muryarka, saboda wasu 'yan'uwa ajami suke karantawa wasu boko, kuma rubutu kaɗai ba ya nuna inda ake jan wasali. Idan da boko ka rubuta, sa haruffa masu lanƙwasa a wurarensu, don kada mai karatu ya rasa bambancin ƙafa da kafa. Ka ajiye kwafi a littafi da kuma wajen wani ɗan'uwa a wani gari, da kwanan wata a ƙarƙashin kowace waƙa, domin waya tana ɓata, gida ma ana barinsa ba shiri. Saƙo kuma idan ya bi hannu uku sunan mai shi yakan faɗi a hanya, don haka ka bi al'adar malamai ta sa hannu a cikin baitin ƙarshe, inda ba mai iya cire shi sai ya karya awo. A waƙar raha sa hannun ma wuri ne na yi wa kai tsiya:

Mawaƙi manomi, abincin su sauro,
Da susa ya kwanta, da susa ya tashi.

A gurbin "manomi" sai ka sa sunanka ko sana'arka ko garinku, muddin ya zauna a kan fa'ulun. Idan sunan ya ƙi zama, juya ɗangon ka kawo shi farko ko ka haɗa shi da "na" ko "ɗan", har ka samu inda gaɓoɓinsa suka faɗa daidai.